Dusar da Aka Tankaɗe Mini

Abin da na fara yi a ƙasar Indiya shi ne rigima da wani ma'aikacin kwastan a kan kular ƙanƙara. Ko gaisawa ba mu yi ba. Ya dafa murfin, ni kuma na riƙe mariƙin, ya tambaye ni da Turancinsa mai gudu me ke ciki. Na ce ruwan jinin raguna ne da dusa. Ya dube ni, ya dubi hijabina, ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Kafin ka ce kwabo mutum biyar sun kewaye kular, kowa na karanta takardar izinin da na sha wuyar Abuja kafin in samu, kowa na kaɗa kai irin nasu da ba ka gane ko i yake nufi ko a'a.

Sunana Rabi. Aikina gwajin jini a wani ɗakin gwaje-gwaje na dabbobi a Dutse, amma asalina wani ƙauye ne tsakanin Jahun da Taura, inda Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, ta raine ni. Da kiwon turka ta kai ni makaranta. Kowace shekara takan ɗaure raguna biyu ko uku, ta ciyar da su har su yi ɓul-ɓul, ta sayar ana gobe Layya. Haka kusan duk matan unguwarmu suke yi. Shekara biyu a jere sai ragunan suka riƙa lalacewa a turke. Rago zai daina ci, idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, a kira mahauci a guje kafin ya zama mushe. Na ga hantar ɗaya da idona, ta kumbura ta yi fari-fari, tana marmashewa a hannu. Dukansu kuwa dusar mutum ɗaya suke ci, ta Alhaji Ilu, wanda ke da shago a kasuwar Jahun, kuma shi kaɗai ke kawowa har ƙofar gida a adaidaita. Na san yana sayen tunkuza da masarar da ruwa ya daka suka yi funfuna, ya niƙa ya gauraya da dusa. Na faɗa masa haka a gaban mai unguwa. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, “Malama Rabi, ke 'yar boko ce. Ki kawo shaida.” Ofishin da na kai ƙara su ma abin da suka ce ke nan: ki kawo takarda, mu rufe shagon.

Hanta in ta ji ciwo takan zubar da wasu sinadarai cikin jini, na'ura ta ƙirga su, ko da dabbar tana tsaye garau a ido. Wannan gwajin ana yinsa a gida. Abin da ba mu da shi shi ne na'urar da za ta nuna gubar funfuna a cikin dusar kanta, a haɗa biyun a takarda ɗaya da babu mai musa ta. Da na samu gurbin horo na wata shida a wata cibiya a kudancin Indiya, sai na ce Allah ya kawo ƙarshen Alhaji Ilu. Kwalaben jini talatin da shida na ɗiba, da ƙullin dusa daga kowane gida. Abin da ke cikin kular ke nan, kuma ina so in aika da takardar gida kafin mata su ɗaure sababbin raguna bayan ƙaramar Sallah.

Awa huɗu suka ajiye ni a wani ɗaki mai fanka ɗaya. Ina zaune ina jin ƙanƙarar tana narkewa a cikin raina. Na roƙa, na yi faɗa, na koma roƙo. A ƙarshe wata ma'aikaciya mai furfura, ta tashi ta ɗauki kular, ta fitar da kwanon abincinta daga firij ɗin ofis, ta tura kayana ciki. Ba ta dube ni ba, ban kuma san sunanta ba har yau. Da aka sallame ni na je yi mata godiya, aka ce ta tashi daga aiki.

A waje Kabiru na jirana. Ɗan Najeriya ne, Bahaushe ma, wani abokin aikin mijina ya haɗa mu a waya. “Yaya Rabi, sannu da hanya! Ai kin zo gida. Ɗaki na nan na kama miki, ƙafa da ƙafa da cibiyar, ga kicin, ga firij.” Jin Hausa a bakinsa ya sa na saki jiki har hawaye ya zo mini. Ya karɓi kuɗin hayar wata shida a hannuna ya ce shi zai miƙa. Ɗakin da ya kai ni yana saman shagon masu walda, babu kicin, babu firij, kuma mota biyu ake hawa kafin a kai cibiyar. Bayan wata biyu mai gidan ya hau bene ya ce wa'adin abin da aka ba shi ya cika. Na kira Kabiru, waya a kashe. Na sha jin ana cewa ɗan'uwa rabin jiki, to ni nawa rabin ya tsere da sauran hayata. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da Hausa aka cuce ni, har da “Yaya”.

Matar mai gidan takan jira in gama ɗiban ruwa, sannan ta fito da tsumma ta wanke bakin famfon. Ran farko na ɗauka tsafta ce, sai na lura ba ta yi wa kowa haka sai ni. A mota kuwa kujerar kusa da ni ita ce ta ƙarshe da ake zama. Wasu 'yan mata sukan ɗaga waya kamar suna duba fuskarsu, alhali ni suke ɗauka. Ni da a Dutse direbobin adaidaita ke cewa “Hajiya, bismillah”, na koma abin kallo. Abincinsu akwai yaji, amma ba yajinmu ba. Daddawar da na taho da ita ta ƙare a wata na biyu, na riƙa sansana ledar kafin in jefar.

A cibiyar, Farfesan da aka haɗa ni da shi ya karɓi kular, ya sa aka kulle kayan a firiza, ya ce sai layina ya zo. Layin bai zo ba har wata huɗu. Kullum wanke kwalaben ɗalibansa nake yi, ni da na shekara goma sha ɗaya ina gwajin jini. In na tare shi a baranda sai ya ce, “Madam, haƙuri, haƙuri,” yana tafiya. Na yi masa bayanin cewa akwai mata da ke jiran wannan takarda kafin su sayi raguna. Ya ce kowa da ke nan akwai wanda ke jiransa.

Mutum ɗaya ce ta ɗauke ni mutum a wannan gini, Mama Sarita mai shara. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, amma ranar da ta ga hoton ragunan Gwaggo a wayata sai ta dafa ƙirji, ta ɗaga yatsu huɗu, ta yi kukan akuya. Ashe ita ma mai kiwo ce. Da azumi ya kama ta lura ba na zuwa cin abincin rana. Ba musulma ba ce, amma daga ranar kullum kafin ta tashi sai ta ajiye mini ayaba biyu da dafaffen wake a ƙunshe cikin ganye. Da su nake buɗe baki a tashar mota, a tsaye, ina tuna yarana a Dutse suna rigima a kan ƙosai.

Ranar da layina ya zo, da ƙullin dusar na fara, don a niƙa a auna. Tun da aka ɗaure su a ƙauye ban kwance su ba. Ranar ɗiban jinin a gurguje na yi komai, mota na jirana, ƙanƙara na narkewa, sai na raba wa mata leda mai lamba na ce kowa ta sa mini dusar da take ba ragonta, Gwaggo ta tattara ta aiko mini Dutse. Ina zazzage ledar farko Mama Sarita ta jingine tsintsiyarta ta matso. Ta ɗebi kaɗan, ta murza, ta sansana, har ta ɗanɗana a harshe. Sai ta yi murmushi ta ɗaga mini babban yatsa, ta nuna dusar, ta yi kukan akuya, wato ko nata za su so irin wannan. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ke da tsintsiya me kika sani, gubar funfuna ai ba a ganinta da ido. Na karɓe ledar daga hannunta da ɗan ƙarfi. Har yau in na tuna wannan fizgar sai kunya ta kama ni.

Jinin aka fara sawa a na'ura. Na tsaya a gabanta ina jiran lambobi su yi sama. Kwalba ta farko, lafiya lau. Ta biyu, lafiya lau. Har ta talatin da shida, babu hanta ɗaya da ta nuna ta taɓa jin ciwo. Na ce kwastan ne suka lalata mini jini. Farfesa ya duba abin auna sanyin da ke cikin kular ya ce sanyi bai taɓa yankewa ba. Na maimaita sau uku, abu ɗaya. Na ce to bari dusar ta yi magana. Mako guda aka yi ana aikinta, ta fito tas, gubar da ke ciki ba ta kai abin da za a rubuta ba. A ranar ne Farfesa ya fara yi mini dariya. Ya ce, “Madam, tumakinku sun fi ɗalibaina cin abinci mai kyau. Me ya kawo ki?”

Na fita bayan ginin, inda ake ajiye tukwanen gas, na kira Gwaggo. A lokacin hantsi ne a gida, ina jin zakara da ƙarar turmi.

“Likitar tumaki! Ya baƙunta? An ce can ba sa cin nama, ko kin rame?”

“Gwaggo, dusar da kuka sa mini a leda, ta wajen Alhaji Ilu ce?”

“Dusa dai ai dusa ce, Rabi.”

“Don Allah, Gwaggo.”

“To ke, ya za a yi mu ba ki waccan? Kin san warinta kuwa? Duk ta dunƙule ta yi kore. Abin da za a hau jirgi da shi, a buɗe a gaban manyan mutane, a ce ga abin da mutanen garin Rabi ke ba dabbobinsu? Mu kunyata ki a ƙasar wasu? Haɗuwa muka yi, muka yi surfe sabo, kowa ta shanya tata, ta tankaɗe. Ta maƙwabciyarmu Talatu ma sau biyu na sa ta sake, don na ga tsakuwa.”

Na jingina da bango. “Ragunan fa? Waɗanda na ɗebi jininsu?”

“Wasu namu ne, waɗanda ba a daɗe da sayowa ba. Masu ciwon mun kai su bayan gida, wa zai fito da rago yana layi a gaban baƙi? Ba da direban ofis kika zo ba, da wani mai ɗaukar hoto? Ni turkena ma babu kowa a lokacin, sai na aika Taura wajen Baffanki aka aro mini biyu. Kin ga yadda suka yi kyau a hoton kuwa.”

Hoton da na nuna wa Mama Sarita ke nan. Na ce, “Gwaggo, kun kashe ni.”

“Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan? Mu da muka rufa miki asiri?”

Na kashe wayar. Na zauna a kan wata tukunyar gas na yi kukan da ban yi ba ranar da Kabiru ya gudu. Haushin Gwaggo nake ji, amma haushin kaina ya fi. A gidan nan na girma. Na san in baƙo zai zo sai an share har bayan rumbu, na san kwanon da ya fashe ba ya fitowa tsakar gida, na san mace ta gwammace ta kwana da yunwa da a ga tukunyarta babu komai. Duk na sani, amma na je da farar riga da mota da mai hoto, na tsaya ina ba da umarni kamar baƙuwa, su kuma suka karɓe ni yadda ake karɓar baƙuwa. Minti biyu ya ishe ni in shiga ɗakin Gwaggo in ɗebi dusar da hannuna daga buhu, ban yi ba.

Washegari na gaya wa Farfesa komai, na roƙe shi a bar rahoton kada a fitar. Ya ce waɗanda suka ɗauki nauyina suna jiran sakamako, kuma sakamako mai kyau ma sakamako ne. Wani ɗalibinsa ya biyo ni waje ya rage murya, ya ce akwai kwalbar tsantsar gubar da ake gwada na'ura da ita, ɗigo ɗaya a kowane ƙulli ya isa, tunda dai na san gaskiyar. Ba zan ɓoye ba, kwana biyu ina juya maganar. Ina ganin hantar nan tana marmashewa a hannuna. Amma azumi ne a bakina, kuma na san in na fara ƙarya da na'ura, to ni da Alhaji Ilu sana'armu ɗaya, shi ma gauraye yake yi. Na sa hannu a kan abin da na'ura ta faɗa. Na dage aka ƙara bayani a shafi na ƙarshe cewa samfurin ba daga shagon da ake zargi ya fito ba. Layi uku ne, da ƙananan haruffa.

Sauran watannin na ƙarasa su kamar mai zaman takaba. Na koyi sarrafa na'urar da ba mu da ita a gida, aka ba ni takardar shaida mai zinariya a gefe. Ranar da zan taho na ba Mama Sarita atamfata ɗaya da kular, don ta riƙa sa madarar awakinta. Ta rungume ni tana magana da yarensu, ni ma ina ba ta haƙuri da Hausa, ba wadda ta ji abin da 'yar'uwarta ta ce.

Na sauka Dutse saura mako biyar Layya. Rahoton ya riga ni isowa, don tun daga can aka aika wa ofisoshin da abin ya shafa. Na je ofishin da ya ce in kawo takarda. Jami'in ya yi mini barka da dawowa, ya ce ai sun gani, alhamdu lillahi ashe babu matsala. Na ce ya buɗe shafi na ƙarshe. Ya laluba fayil ɗin, shafi biyu ne kawai a ciki, na ƙarshen babu shi.

Ranar kasuwar Jahun na bi ta layin masu dusa a hanyata ta zuwa gida. Shagon Alhaji Ilu ya ƙara faɗi, ya haɗe da na kusa da shi. A saman ƙofa an rataye takarda cikin gilashi, shafin farko na rahotona, ga tambarin cibiyar, ga sunan ƙauyenmu, ga sa hannuna a ƙasa. An rubuta da jan fenti a bango: AN GWADA A INDIYA. Yana zaune a kan buhu yana jan carbi. Da ya gan ni ya miƙe tsaye.

“Malama Rabi! Maraba da mutanen Indiya. Wallahi kin yi mana aiki, Allah ya saka da alheri. Yanzu har daga Taura ake zuwa. A kawo wa Malama lemo!”

Mutane na kallona, wasu na yi mini sannu da gaske. Warin funfuna na fitowa daga cikin shagon har inda nake tsaye. Na buɗe baki, sai na ga duk abin da zan faɗa takardar da ke saman kaina ta riga ta ƙaryata shi, kuma ni na sa mata hannu. Na wuce ban sha lemon ba.

Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake. Ta yi guɗa, ta ce na rame, ta ce an yi baƙi. A bakin rumbu ga buhu mai sunan Alhaji Ilu, an ci rabi.

“Gwaggo, ba na ce kada ku ƙara saya ba?”

“To ai cewa aka yi takardarki ta wanke shi. Mai unguwa da kansa ya faɗa a masallaci. Mu wa za mu bi, ke ta waya ko ke ta takarda?”

Na shiga wajen turke. Raguna uku ta ɗaure bana, har da kuɗin akuyarta da ta sayar. Biyu suna tsaye. Na ukun, wani fari mai baƙin kunne, yana kwance ya sa haɓa a ƙasa, dusar gabansa bai taɓa ba. Na durƙusa na buɗe fatar idonsa, rawaya. Na zuge jakata na fito da sirinji da kwalba, na cika leda da dusar buhun da hannuna, korayen dunƙulen da komai. Ban san inda zan kai su ba, ba ni da wata Indiyar, amma na danne wuyan ragon ina laluben jijiya.

Sai na ji Gwaggo a bayana, ta taso da sauri har zaninta na kwancewa. Ta riƙe mini hannu.

“Haba Rabi, wannan za ki kai wa mutane? Dubi yadda ya lalace. Bari in aika gidan Talatu, nata ya fi kyan gani.”